Gyaran katakon cikin jirgin yot

Yot shi ne jirgin ruwan shaƙatawa, wanda ake magana a nan kuwa mai tafiya da iska ne, irin waɗanda suka cika gaɓar Ingila da Faransa da Amurka. Cikinsa kamar ƙaramin gida yake, gado da kicin da kabad duk na katako, to shekara da shekaru danshi da gishirin teku da hasken rana su ke kashe masa kyau, banish, wato man da ake shafa wa katako don ya kare shi, ya fashe, katako ya dushe ko ya yi baƙi.

Katakon da aka fi sani shi ne tik na ƙasar Myanma, yana da maiƙo a jikinsa shi ya sa ba ya saurin ruɓewa, sai dai tun takunkumin da Amurka da Tarayyar Turai suka sa wa kamfanin katakon gwamnatin ƙasar a 2021 samunsa ya yi wuya, wasu sai su koma wa iroko na Afirka ta Yamma. Akwai kuma mahogani na Afirka, ɗan'uwan maɗacin nan da muka sani.

Kafin a taɓa sanfefa, kafintan da ya san aiki ruwa yake fara nema, ta ina yake shigowa? Yawanci gefen taga ne ko wajen da ƙarfen da ke riƙe igiyoyin doguwar sandar da ke ɗauke da ƙyallen kama iska ya huda rufin. In ba a toshe ba wallahi aikin banza ne, baƙin zai dawo. Sai a soka sukudireba a hankali, inda ya nutse ya ruɓe, a yanke a sa sabo da gam mai ƙarfi da ake kira efoksi.

Inda mutane suka fi yin ɓarna shi ne wajen gogewa. Yawancin bangon ciki ba katako zalla ba ne, filawud ne da aka manna wa ɓawon tik wanda sau da yawa bai kai milimita 1 ba, mutum ya ɗora injin sanfefa yana jin daɗi kawai sai ya ga wani fari ya leƙo, shi ke nan ya huda, kuma ba banish ɗin da zai ɓoye wannan tabon. Don haka da hannu ake yi, ana bin layin katakon, sanfefa mai lamba 180 zuwa 220. Baƙin tabon ruwa kuma sinadarin oksalik asid ke cire shi, a wanke a bari ya bushe sosai.

Tik sai an share maiƙonsa da asiton, wani sinadari mai narkar da maiƙo, a tsumma kafin banish ya kama. Banish ɗin shafawar farko ana tsinka shi da tina, wato sinadarin tsinka fenti, don ya shige, sannan a ƙara kamar uku zuwa biyar, ana ɗan gogewa a tsakani. Da yawa sun fi son na ƙarshe ya zama marar sheƙi don yana ɓoye ƙarzuwa. A bar ƙofa da tagogi a buɗe, tururin tina a ɗan wurin nan yana kama wuta.