Dan Allah ku daina hana yara ruwa saboda fitsari in za ku sahara

Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwana na Aboabo, Asawase, Sawaba, Alabar da sauran zangunan Kumasi. Ni nas ce, a nan cikinku nake aiki, kuma duk lokacin da hutun makaranta ya ƙare matafiya suka dawo abu ɗaya nake ta gani, na faɗa a ɗakin duba marasa lafiya har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta ya kai wa wanda bai iya karatu ba.

Mutanenmu akwai tafiya. Wani ya kwashi iyali a je ganin dangi a Nijar, Tawa ko Agadas, in an je ƴan uwa su ce a fita daji a kafa tanti a kwana biyu a kan yashi, yara su ga raƙuma su ga ƙasar kakanninsu. Wani maigida yana aiki Dubai ko Saudiyya ya kira matarsa da ƴaƴa, ranar hutu a ɗauki mota a shiga sahara a gasa nama a kwana. Ga alhazanmu da suke zaman Mina da Arfa su kwana a filin Muzdalifa, shi ma ai zaman sahara ne. Ban ce kar a je ba, zumunci ne da ibada, kuma yaron da ya tashi a lungun zango ya kamata ya ga faɗin ƙasar Allah. Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan ɗabi'a ta hana yara ruwa, da manya su ma su ƙi sha, wai don kar fitsari ya dame su.

An kawo min wani yaro da bai wuce shekara huɗu ba, leɓensa duk ya tsage, ido ya faɗa, yana kuka amma babu hawaye ko ɗigo. Na ce Hajiya, kina ba shi ruwa a hanya kuwa? Ta ce ai anti nas in ya sha sai ya yi ta cewa fitsari fitsari, direba kuma faɗa yake. Sai ta ƙara da cewa ai yaron kirki ne, tun daga Wagadugu ta Burkina har Techiman a nan Ghana bai ce zai yi fitsari ba. Tana faɗa tana jin daɗi. Haba Hajiya! Wannan ba kirki ba ne, jikinsa ne ya bushe, ƙodarsa ce take riƙe ɗan ruwan da ya rage. Yaron da ya yi awa shida zuwa takwas bai yi fitsari ba a cikin zafi, abin tsoro ne ba abin yabo ba. Kuma yaron nan kwanansa biyu a tanti a daji kafin su kamo hanya, can ma ana ba shi ruwa ne ɗan kurɓi ɗan kurɓi don kar ya jiƙa shimfiɗa da dare. Shimfiɗa fa! Shimfiɗar da rana za ta busar kafin a gama karyawa.

Na san abin da ke ruɗinmu. Mu ƴan Kumasi mun saba in zafi ya yi gumi ya jiƙa mana riga sharkaf, sai mu san lallai jiki na neman ruwa. A sahara iskar busasshiya ce, gumin yana fita yana bushewa nan take, rigarki a bushe, goshin yaro a bushe, sai ki ce ai ba ya gumi ma. Yana yi. In kika duba wuyan rigarsa da yamma za ki ga farin gishiri ya kwanta, to gumin ke nan. Babban mutum da ke tafiya cikin irin wannan rana zai iya zubar da lita guda a awa ɗaya bai sani ba. Yaro kuwa jikinsa ƙarami ne, ruwan ba shi da yawa, kuma in wasa ya ɗauke masa hankali yana hawa tudun yashi yana gangarowa ba zai zo ya ce miki ƙishirwa ba. Tsoho shi ma haka, ƙishirwar ba ta kama shi da wuri kamar da. Kar ku jira su nema, ku kai musu.

Iyayena hajiyoyi, ku na fi ji, wallahi kamar uwata nake ɗaukar kowaccenku shi ya sa zan faɗa muku gaskiya. Kuna ƙin shan ruwa tun asuba saboda kar alwala ta karye, ko saboda layin bayi a Mina ya yi tsawo, ko kunyar ku tsuguna a fili ga surukai ga direba. Na gane, kunya ce irin tamu kuma ba abin raini ba ce. Amma ina ganin sakamakon in kun dawo: fitsari na zafi, ciwon mara, ciwon kwiɓi, zazzaɓi, wata ma kanta ya juye tana maganar da ba a ganewa ƴaƴa su ce iska ce ta shafe ta a daji a tafi neman rubutu da hayaƙi, alhali ruwa ne babu a jikinta. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya da kansu suka ce mutum 1,301 suka rasu, akasari zafin ne da doguwar tafiya cikin rana. Allah ya jiƙansu. Alwala in ta karye ana sakewa. In ruwan ya yi ƙaranci akwai taimama, tana cikin Suratul Ma'ida aya ta 6, ku tambayi malamanmu za su yi muku bayani fiye da ni. Abin da na sani a nawa fannin shi ne ƙoda in ta lalace, wankin ƙoda a asibiti ba kuɗin da talaka zai iya ba ne, kuma ba sau ɗaya ake yi a huta ba.

Ku kuma maza da direbobi, da ku nake. Kai ne za ka daka wa yaro tsawa don ya ce a tsaya, uwar ta ji kunya ta ɓoye gorar ruwa a ƙasan jaka. Tsayuwar minti biyar me za ta rage maka? Kana gaba kana kurɓar ataya kana cewa ai mu ma ba mu sha ruwa ba. Ataya ɗan ƙaramin kofi ne cike da sukari, ba ya maye ruwa, lemon kwalba ma haka. Alhaji in kai ka ga dama ka wahalar da kanka, to yaron bai zaɓa ba.

Sai maganar yawan ruwan da ake ɗauka, nan ma ana wasa. An cika but da akwatuna, da buhun shinkafa, da tsarabar dangi, da kular nama, ruwa kuma jaka ɗaya ta piya wata, wato ruwan leda, wai ta isa. Mu yi lissafi. Jaka ɗaya leda 30 ce, kowace leda rabin lita, lita 15 ke nan. Babba ɗaya a zafin sahara yana buƙatar aƙalla lita 4 zuwa 5 a rana na sha kawai, ban da girki ban da alwala ban da wanke hannu. Gida mai mutum shida, jaka ɗaya ba za ta kai ku dare ba. Shi ya sa in an ga ruwa na ƙarewa sai a fara rowa, kuma wa ake fara hanawa? Yara. Ku nemi babban galan na roba irin wanda muke kira na Kufuor, a wanke shi tas, kar wanda aka taɓa zuba fetur, a cika biyu ko uku, a raba su kar duk ruwan ya zama a mazubi ɗaya in ya fashe a rasa, ledar piya wata ma fashewa take a ƙarƙashin kaya. Kuma a ƙara na kwana biyu a kan abin da aka lissafa saboda mota na lalacewa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a saharar arewacin Nijar bayan sun bar Arlit za su Aljeriya, motocinsu ne suka mutu, ƙishirwa ta kashe su, 52 daga cikinsu yara ne. Su neman abinci ya fitar da su ba yawon buɗe ido ba, amma rana ba ta tambayar abin da ya kawo ka. In motar ba ta da wurin ruwa a sauke akwati, in ba za a iya ba a fasa fita dajin a zauna cikin gari, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Masu sikila, ku naku ya fi na kowa. A Ghana kusan jariri 2 cikin 100 da ciwon ake haihuwarsu, kuma duk uwar mai sikila ta san rashin ruwa da sanyi ke tayar da ciwon ƙashi. Sahara kuwa duka biyun take da su, rana ta gasa ku, dare ya yi sanyi ya sauko musamman a Disamba da Janairu. Ki hana irin wannan yaro ruwa don kar ya yi fitsari, sannan ciwo ya tashi cikin dare asibiti na da nisan awa da awanni a kan yashi, me za ki yi masa? Dan Allah. Dan girman Allah.

Toh ga abin da za a yi, a gurguje:

- A ba yaro ruwa duk bayan rabin awa ko bai nema ba, kowane yaro da gorarsa.
- A duba fitsari. In ya yi ja kamar shayi ko ya yi kaɗan, a ƙara ruwa yanzu ba anjima ba.
- Jaririn da bai kai wata shida ba nono kawai, a yawaita ba shi, uwar ce za ta sha ruwa sosai.
- A sayi ORS, wato garin gishiri da sukari da ake haɗawa da ruwa a ba wanda jikinsa ya bushe, a kemis kafin a tashi, a haɗa da yawan ruwan da aka rubuta a jikin takardar. In babu, a haɗa ledar piya wata guda biyu, lita ɗaya ke nan, da ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kar a cika cokalin ya yi tozo.
- Daga sha ɗaya na safe zuwa la'asar kowa ya zauna a inuwa, kuma kar a bar yaro a mota a rufe ko na minti ɗaya.
- Fo na yara, da zane biyu da sanduna a kewaye bayan tanti a haƙa rami, an yi wa mata bayi ke nan, kunya ta ƙare.
- Kar a shiga da gawayi tanti a rufe saboda sanyi, yana kisa cikin barci. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Kar a kafa tanti a cikin busasshen ƙorama, ruwa kan taho daga nesa ko ba a ga hadari ba.

In mutum jikinsa ya yi zafi rau, yana tangaɗi ko yana sambatu, a kai shi inuwa a rage masa kaya a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a kama hanyar asibiti ana ci gaba da jiƙawa. Farasitamol ba ya sauke wannan zafin, kar ku ɓata lokaci a kansa. In ya suma kar a ɗura masa komai a baki.

Kuma in kun dawo kuka kawo mana mara lafiya ku faɗa mana gaskiya, ku ce mun yi tafiya, mun kwana a daji, bai sha ruwa sosai ba. Ba duka za mu yi muku ba, faɗan ma na ƙauna ne. Sau da yawa sai an yi gwajin maleriya an ga babu sannan uwa ta tuna ta ce af ai jiya muka sauka daga Nijar, an riga an ɓata lokacin da ya kamata a ce an sa masa ruwa. Masu hawan jini da ciwon suga, musamman masu shan ƙwayar nan da ke sa yawan fitsari, kar ku daina shan maganin da kanku don za ku hau mota, na ga masu yin haka kuma ba ya ƙarewa da daɗi. Ku zo tun ana saura mako biyu tafiya, ku zo da katin inshora da duk magungunan a ledarsu mu duba tare.