Baƙin da ke fuskar wata ba ruwa ba ne

Daren sha huɗu muna hira a ƙofar gida a Argungu, wani dattijo masunci ya ɗaga kai ya ce, "Malam, wancan baƙi-baƙin ai gulbi ne." Ban yi masa dariya ba, don masanan Turai ma haka suka ɗauka. A 1651 Riccioli, wani masanin taurari ɗan Italiya, ya raɗa wa wuraren sunayen tekuna, sunayen kuma suna nan har yau.

Na ce, "Baba, ko ɗigo babu." Narkakken dutse ne ya ɓulɓulo daga cikin wata, ya cika manyan ramuka, ya daskare, yawancinsa fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce. Ƙarfen da ke cikinsa ne ya sa shi duhu. A kan ɗaya daga cikin baƙaƙen wuraren nan kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauka a 1969, ƙura 'yan sama jannatin suka taka.

Yadda masu zana taswira ke gane shekarun wuri daga hoto shi ya fi burge ni. Duba fadama bayan ambaliya ta janye: inda sabon laka ya kwanta sumul yake, tsohuwar ƙasa kuwa duk sawun shanu. Haka wata. Farin ɓangaren ya sha ruwan duwatsu daga sama, rami kan rami, shi ne tsoho. Baƙin kuwa, ramukansa kaɗan ne, daga baya ya malalo ya binne na ƙarƙashinsa. Da irin wannan karatu, da bayanan kumbon LRO na Amurka da Kaguya na Japan, aka fitar da taswirar duwatsun wata gaba ɗaya a 2020.

Baba dai ya ce sai ya gani da idonsa.