'Yan Firimason Ba Su Da Sarki Guda

An daɗe ana faɗa a majalisu da teburin mai shayi cewa 'yan Firimason, wato mambobin wata tsohuwar ƙungiyar 'yan'uwantaka mai al'adun sirri, tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya, wai akwai wani shugaba a ɓoye da ke juya su a duk duniya. Ba haka abin yake ba, kuma yana damuna yadda muke ta maimaita shi.

Kusan kowace ƙasa da suke ciki, a Amurka ma kowace jiha, tana da babban zaurenta, wato hukumar da ke kula da rassan ƙungiyar a can, mai cin gashin kansa. Amincewa ce kaɗai ke haɗa su. In wannan zaure bai amince da wancan ba, ɗan can ko ya tsaya bakin ƙofa da takardar shaidarsa a hannu, ba za a buɗe masa ba.

A 1877 zauren Grand Orient na Faransa ya cire sharaɗin imani da Mahalicci. Babban zauren Ingila ya yanke hulɗa da su, har yau ba a shirya ba.

Na baƙar fatar Amurka ya fi ciwo. Mabiya Prince Hall, baƙar fatar da ya kafa reshensu na farko, Landan ta amince musu da takardar izini tun 1784, amma zaurukan fararen ƙasarsu suka ƙi su fiye da shekara 200. Ingila kanta sai 1994 ta amince da babban zaurensu na jihar Massachusetts.