Shin Wuƙar Aljihu Mai Ƙyalli Ba Ta Tsatsa?

An daɗe ana cewa wuƙar aljihu mai naɗewa da aka ƙera da farin ƙarfen nan mai ƙyalli ba ta tsatsa har abada, wadda ruwanta ya yi duhu kuwa jabu ce. Maganar ba haka take ba.

Abin da ke kare farin ƙarfen shi ne sinadarin kuromiyom, wanda ba ya gaza kashi 10.5 cikin ɗari, domin idan ya haɗu da iska yakan samar da wata siririyar kariya da ido ba ya gani. Gishiri da gumi da danshin aljihu suna iya cinye wannan kariya, musamman a mahaɗar da wuƙar ke naɗewa, inda ruwa yakan maƙale. Duhun da ke bayyana a wuƙar baƙin ƙarfe bayan yanka lemo ko albasa kuwa ba lalacewa ba ne, yana ma rage saurin tsatsa.

Mai son tantancewa ya goge wurin da tsumma: tsatsa ja ce mai kaushi, tana barin ƙananan ramuka, shi kuwa duhun sumul yake. A riƙa busar da wuƙa, a ɗiga mai a mahaɗarta. Don Allah a isar da wannan bayani ga masu riƙe wuƙar aljihu.