Waiwaye: Daga Wabi Zuwa Takardar Gwajin Jini

A Kaduna yanzu, waliyyai da limamai da dama ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini. Kakanninmu ba su san wannan takarda ba, amma sun san ciwon da ake gwajin dominsa, wato sikila. Sun san yaron da hannuwa da ƙafafunsa ke kumbura tun yana goye, idonsa ya yi rawaya, ya kwana yana kukan ƙashi idan sanyin hunturu ya shigo. Sun kira shi amosanin jini. Idan 'ya'ya suka yi ta mutuwa a ɗaki ɗaya, sai a ce matar tana wabi, wani lokacin ma a ɗora wa mayu ko iskoki. Ba kowane wabi ne sikila ba, amma ina kyautata zaton tana da kaso mai tsoka a ciki.

A 1910 ne likita James Herrick na Chicago ya ba da rahoton wani ɗalibi da jajayen ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. A 1949 James Neel ya nuna cewa gado ne ta ɓangare biyu: sai uwa ta ba da ƙwayar gadon sikila da ake kira S, uba ya ba da S, kafin a haifi SS, wato mai ciwon. Wato matan da aka yi ta saki kan wannan lalura, rabin abin daga mazan ya fito.

To me ya sa ta yi mana yawa? Anthony Allison ya amsa a 1954 daga Gabashin Afirka: mai AS, wato wanda ya gaji S daga ɓangare ɗaya kawai, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A ƙasar sauro, masu AS sun fi rayuwa su hayayyafa, S ɗin ya bazu. Shi ya sa kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke ɗauke da shi, ana kuma ƙiyasta haihuwar jarirai 150,000 masu sikila duk shekara.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Garki, a Jigawa ta yau, wanda Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka wallafa a 1979. Kimanin jarirai biyu cikin ɗari SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun su. Yawancinsu ba su kai shekara biyar ba.

Yau masu sikila na girma, suna zuwa asibitin Barau Dikko da na Shika, suna aure. Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Sai dai har yanzu wasu na ɗauka idan AS ya auri AS, ɗa ɗaya cikin huɗu ne kawai zai kamu. Kowane ciki da nasa lissafin, ana iya jera uku. Gwajin ma galibi sai an sa rana, an haɗa lefe, sannan ake tunawa da shi.