Tantance fayil ɗin Enfuse da lambar hash

Enfuse manhaja ce ta kyauta da ke haɗa hotunan wuri guda waɗanda aka ɗauka da haske daban-daban, wani ya yi duhu, wani kuma haske ya cinye shi, sai ta tsinci inda ya fito sosai a kowanne ta fitar da hoto ɗaya. Tare take zuwa da 'yar'uwarta Enblend, Andrew Mihal ne ya fara rubuta su, dabarar haɗin kuma daga binciken Tom Mertens da Jan Kautz da Frank Van Reeth ne na 2007. Da yawa ma ba su san suna amfani da ita ba, don tana zuwa a cikin Hugin, wata manhajar haɗa hotuna su zama hoto ɗaya mai faɗi. Sigar 4.2 ta fito wajen 2016.

Lambar hash

Hash wani jerin lambobi ne da haruffa da ake lissafowa daga cikin fayil ɗin kansa, in aka taɓa ko ɗigo guda a ciki to gaba ɗaya jerin ya canja. Shi ya sa ake gane ko enfuse.exe, wato fayil ɗin Enfuse na Windows, da mutum ya sauko da shi shi ne ainihin wanda masu shi suka ɗora, ko saukarwar ta katse a hanya, ko wani ya cusa masa wani abu.

Akwai hanyoyin lissafo hash iri-iri. MD5 tsohuwa ce, Ronald Rivest ya ƙirƙiro ta a 1991, haruffa 32 take bayarwa. SHA-1 ta biyo baya a 1995 daga hukumar NSA ta Amurka, haruffa 40. Dukkansu an karya lagonsu, a 2004 Wang Xiaoyun da abokan aikinta a China suka nuna fayiloli biyu mabambanta za su iya ba da MD5 iri ɗaya, sai a 2017 Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka yi wa SHA-1 irin haka da fayilolin PDF guda biyu. Yanzu SHA-256 ake so, haruffa 64, tun 2001 take.

Yadda ake dubawa

Ana lissafo hash ɗin fayil da umarnin sha256sum a Linux, a Windows kuma da Get-FileHash ko certutil, sai a kwatanta shi da wanda masu manhajar suka bayar. Kowace siga da nata hash, kuma wanda ya harhaɗa manhajar da kansa daga tushe, wato ainihin rubutun da masu ita suka yi, galibi lambarsa ba za ta zo ɗaya da ta wasu ba.

Ana iya liƙa lambar a shafin intanet na VirusTotal a ga abin da manhajojin kashe bairos suka ce kan fayil ɗin. Wani lokacin sukan yi kuskure su tuhumi fayil mai lafiya, kuma hash ɗin da aka kwafo daga shafin da aka yi wa kutse ba ya tabbatar da komai.