Baƙin jini: gwanin da yake cin nasara amma ba a ƙaunarsa

Mai baƙin jini, a bakin Bahaushe, shi ne mutumin da zukata ba sa karkata gare shi ko da bai yi wa kowa laifi ba. Kishiyarsa mai farin jini, wanda duk inda ya shiga sai a yi ta haba-haba da shi. Akwai kuma maganar nan ta "jinina bai haɗu da nasa ba", wadda mutum yake fakewa da ita idan aka tsare shi da tambayar me wane ya yi maka, ya rasa amsa.

A yau babu inda kalmar take yawo kamar gidajen kallon ƙwallo. Ɗauki Cristiano Ronaldo. Ya ci kyautar Ballon d'Or ta gwarzon ɗan ƙwallon shekara sau 5, ya ɗaga kofin zakarun Turai sau 5, kuma ko maƙiyinsa ba ya musun ya iya taka leda. Abin da ake kuka da shi daban ne: tsallen da yake yi da ihu idan ya ci, cire riga, ɗaure fuska idan abokin wasa bai miƙa masa ƙwallo ba. Sai a ce ji-da-kai ya yi masa yawa. Abin da yake ba ni mamaki shi ne, mu ne muke cika filin dambe, ɗan dambe ya fito yana wa kansa kirari, makaɗa suna zuga shi, muna tafi. Ba mu taɓa kiran wannan girman kai ba.

Ba a ƙwallo kaɗai ake samun haka ba. A Amurka akwai gasar kacici-kacici ta talabijin mai suna Jeopardy!, wadda ƙa'idarta ita ce a ba da amsa da sigar tambaya. A 2021 wani ɗalibin digiri na uku, Matt Amodio, ya ci wasa 38 a jere, ya tara sama da dala miliyan ɗaya da rabi. Me ya ɓata wa wasu masu kallo rai? Yana fara kowace amsa da "mene ne", ko da sunan mutum ake nema, maimakon "wane ne". Sai da masu shirin suka fito suka bayyana cewa bai karya doka ba. Shekara ta zagayo, Mattea Roach daga Kanada ta ci wasa 23, aka koma ƙorafi kan motsin hannu da yawan surutu a lokacin wasa.

A nan ne nake ganin kalmar tana da rashin adalci a cikinta. Ta ɗora laifin a jinin mutum, kamar da shi aka haife shi, alhali abin daga idon mai kallo yake tasowa. Wanda aka fitar a ranar farko, babu mai lura da yadda yake magana. Wanda ya yi wata biyu yana ci, kullum fuskarsa a gabanka, ɗabi'ar da ba ta kai ta kawo ba sai ta zama dutse a ƙirjinka. Nasarar ce ta tsayar da shi har aka gaji da ganinsa.

Ya kamata a raba baƙin jini da hassada. Mahassadi yana fatan ni'imar ta gushe ne, shi ya sa aka ce hassada ga mai rabo taki ce. Adawa kuma ta kulob ce, magoyin bayan Barcelona ba zai yabi ɗan Madrid ba. Mai cewa jininsa bai haɗu da gwani ba yakan rantse ba ya cikin ko ɗaya, kuma wani lokaci gaskiya yake faɗa, domin zuciya ba a yi mata dole.

Amma wani lokacin kalmar mayafi ce. An daɗe ana cewa Vinicius Junior na Real Madrid shi yake jawo wa kansa tsana da rawar da yake takawa idan ya ci ƙwallo. A watan Mayun 2023, a filin Valencia, abin da ke ƙarƙashin wannan magana ya fito fili, aka yi masa ihun wariyar launin fata har aka dakatar da wasa. A 2024 kotun Sifaniya ta yanke wa mutum uku hukuncin ɗaurin wata 8 kowannensu, kuma ba rawarsa aka tattauna a gaban alƙali ba.